Dillalin Gidaje da Filaye Idan Kasuwa Ta Juya

(Taken shiri, sannan a rage sauti)

MAI GABATARWA: Yau a rumfar dillalan gidaje da filaye za mu yada zango. In kai dillali ne, matso da rediyonka kusa. In kana da gida ko fili da kake son sayarwa, ko kana tara ɗan abin da za ka sayi matsuguni, ko kina neman hayar ciki da falo, ku ma maganar ta shafe ku, domin da wuya a yi cinikin ƙasa a garuruwanmu ba a bi ta hannun dillali ba.

Akwai wata rumfa a bakin titin unguwarmu, a nan Kano, inda dillalai ke zama bayan la'asar. Benci biyu ne da tabarma, sai allo da aka jingina da bango an rubuta da alli: fili na sayarwa, gida na haya. Shekarun baya in ka bi ta wurin, da ƙyar za ka sami mai amsa sallamarka a natse. Wannan na waya, wancan ya hau babur zai kai mai saye ganin fuloti, wani na ƙirga la'ada. Fili ba ya kwana uku a hannu. Har samarin da ba su san gabas da yammar fuloti ba sun faɗa sana'ar, kuma suna samu. A 'yan shekarun nan kuwa na sha wucewa in tarar da su jugum, shayi ya huce a kofi, allo ya cika da gidajen da suka yi wata shida ba wanda ya taya. Sai dai na lura cewa a cikinsu akwai mutum biyu ko uku da har yau wayarsu ba ta daina ƙara ba. Rumfarsu ɗaya da sauran, garinsu ɗaya, kasuwarsu ɗaya. Abin da waɗannan mutane suka riƙe, wanda sauran suka saki, shi za mu tattauna yau.

Mu fara da abin da ya juya kasuwar. A farkon 2023 aka shiga ƙarancin takardun kuɗi sanadiyyar sauya fasalin naira, cinikin da aka saba yi hannu da hannu ya tsaya cak. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta yanke wa naira farashi, dalar da ke wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Buhun simintin da ake samu wajen naira 5,000 ya kai 10,000, har ya wuce a wasu garuruwa, a watan Fabrairun 2024. Rodi, kwanon rufi, tayil da wayar wuta duk suka bi sahu. A ƙarshen 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100, Babban Banki kuma ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5.

Duk waɗannan a rumfar dillali suka sauka. Ma'aikacin da ke ajiye wani abu duk wata don sayen fuloti, cefane da kuɗin mota sun cinye ajiyar. Mai gini ya kai linta ya tsaya, kangwaye suka yi yawa a bayan gari. Ɗan kasuwar da ya saba zuba rarar kuɗinsa a fili, yanzu jarin shagonsa ma bai ishe shi ba. Masu sayarwa suka yi yawa, masu saye suka ja da baya.

A wasu ƙasashe in haka ta faru, farashin gidaje faɗuwa yake yi ƙiri-ƙiri. A Amurka, inda yawancin mutane da bashin banki suke sayen gida, farashi ya kai ƙololuwa a 2006 sannan ya rikito. Bankin Lehman Brothers ya durƙushe a watan Satumbar 2008, miliyoyin iyalai suka rasa gidajensu. Ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasar, wadda ke da mambobi sama da miliyan 1 da dubu 300 a 2006, ta koma kimanin miliyan 1 a 2012. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke nan ya fice. Mu a nan yawanci da kuɗi hannu muke saye, da wuya ka ga banki ya kori mai gida ya yi gwanjon gidan. Saboda haka mai gida ba ya rage farashi da bakinsa, sai dai ciniki ya kwanta. Gida ya shekara da allo a ƙofa, kuɗin da aka sa masa na nan yadda yake, darajar kuɗin kuwa tana narkewa kamar gishiri a ruwa. Dillalin da bai gane haka ba zai yi ta zama yana jiran kasuwa ta dawo yadda ya san ta. Hausawa kuwa suka ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Ɗaya daga cikin mutanen nan da wayarsu ba ta yi shiru ba dattijo ne da ya haura shekara 30 a sana'ar. Wata rana na zauna kusa da shi na ce, "Baba, ku ban taɓa jin kuna kuka da kasuwa ba." Sai ya zura hannu a aljihu ya zaro wani littafin makaranta da bangonsa ya yi laushi don daɗewa. Kowane shafi unguwa guda ce. A kowane layi ya rubuta girman fili, ko ƙafa 50 da 50 ne ko 50 da 100, awon gwamnati ne ko awon igiya, nawa aka sa masa, nawa aka sallama, da kwana nawa ya yi kafin a saya. Ya ɗora yatsa a kan shafin ya ce, "Ɗana, kuɗin da mai fili ya ambata burinsa ne. Wanda aka biya a gaban shaidu shi ne farashi." Har cinikin da ba shi ya yi ba, in ya ji labari sai ya bi diddigi ya rubuta.

Wannan littafi ne ya nuna masa, tun kafin abokan zamansa su farga, cewa masu saye suna nan, wuri kawai suka sauya. Da mai ya yi tsada, fulotan da ke can nesa da gari suka yi nauyi, ƙananan gidaje na kusa da kasuwa da asibiti da makaranta suka fara tafiya da sauri. Da siminti ya ninka, tsohon gida mai ƙoshin lafiya ya ƙara daraja a kan fili fetal, domin mai saye ya yi lissafi ya ga gini daga tushe ya fi ƙarfinsa. Wanda a da yake neman gidan saye, yanzu haya yake nema. Wanda ke hayar ɗaki uku ya koma neman biyu.

Haka kasuwar ƙasa take tun asali, mutane take bi. Ku dubi yadda sabon mazaunin Jami'ar Bayero a hanyar Gwarzo ya raya Rijiyar Zaki da Danbare da Rimin Gata da gidajen hayar ɗalibai da ma'aikata. Ku dubi Rigasa a Kaduna bayan an buɗe jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a 2016. A Maiduguri, tururuwar waɗanda rikici ya raba da garuruwansu ta sa matsuguni ya yi wuya, sannan ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumbar 2024 ta sa tambayar farko a bakin mai neman gida ta koma, tudu ne ko kwari? A Gusau da Katsina rashin tsaro a ƙauyuka ya tura jama'a cikin gari. Yanzu ga aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Dillali mai hankali zai je da ƙafarsa ya ga inda layin ya bi da inda tasha za ta zauna, kada ya sayar wa mutane jita-jita. Filin da ya faɗa kan hanyar aikin gwamnati karɓewa ake yi, kuma a doka diyyar ta gini ce da shuka da sauran abin da mutum ya raya a wurin.

Don haka, ɗan'uwa dillali, kafin ka kai mutum ganin gida, ka riga shi sanin amsoshin da zai nema. Nawa ne kuɗin adaidaita sahu daga nan zuwa kasuwa? Rijiya ƙafa nawa ake samun ruwa, ko sai burtsatse? Taransfomar layin tana aiki? Ina ruwan sama yake bi a watan Agusta? Wanda ya amsa waɗannan ba tare da kame-kame ba, ya riga ya yi rabin ciniki.

(Ɗan gajeren kiɗa)

MAI GABATARWA: Masu sauraro, barkanmu da dawowa. Ga wanda ya kama mu yanzu, muna magana ne a kan yadda dillalin gidaje da filaye zai tsaya da ƙafarsa idan kasuwa ta juya. Mun ce ya san kasuwarsa a rubuce. Yanzu sai abu mafi nauyi a baki, wato faɗa wa mai kaya gaskiyar farashin kayansa.

Lokacin da kasuwa ke gudu, dillali kan yarda da duk abin da mai gida ya ambata, domin ko ya yi tsada yau, gobe kasuwa za ta cim masa. Idan ciniki ya kwanta kuwa, wannan ɗabi'a ita ke kashe dillali. Ya karɓi gida a kan kuɗin da ya san ba za a saya ba, ya ƙona mai yana kai mutane, kowa ya taya mai gida ya ce albarka, har gidan ya yi suna a gari cewa ya ƙi sayuwa, a fara tunanin ko yana da wata matsala.

Ga misali. A ce wani ɗan kasuwa na son sayar da gidansa don ya ƙara jari. An taya naira miliyan 20, shi kuma ya kafe a kan 22. Dillalin kirki zai zauna da shi ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, gidanka ne, kuma kai ke da iko. Amma ga gidaje uku irinsa da aka sayar a layin nan cikin wata huɗu, ga abin da aka biya. Kuɗin nan me za ka yi da su?" In ya ce kaya zai saro, sai a yi lissafi tare. A ce ya jira shekara guda ya sami miliyan 22 ɗin da yake so, amma kayan sun tashi da kashi 30 cikin 100. Abin da miliyan 20 za ta saya masa bara, bana sai da 26. Ya ci ribar miliyan 2 a baki, ya yi asarar miliyan 4 a shago.

Wani lokaci kuma gaskiyar ita ce kada a sayar. Baiwar Allah ta zo da gidan da mijinta ya bar mata da marayu, ba bashi ke bin ta ba, ba wata sana'a za ta zuba kuɗin a ciki ba, tsoro kawai aka ba ta cewa kasuwa za ta lalace. Dillali mai tsoron Allah zai ce, "Hajiya, in kika sayar kika ajiye kuɗin, tsadar kaya za ta cinye su kina kallo. Ki bari mu gyara shi mu zuba 'yan haya, ki riƙa karɓa duk shekara, gidan kuma na nan na yara." Ya rasa la'adar yau, ba shakka. Amma duk ranar da wani a danginta ko maƙwabtanta ya tashi saye ko sayarwa, sunansa za a fara ambata. Dillalan da na ce wayarsu ba ta daina ƙara ba, yawancin masu kiransu mutanen da suka taɓa yi wa irin wannan ne, ko waɗanda suka turo.

Sai maganar takarda, kuma a nan zan ba ku labarin kaina. Shekarun baya na sayi ɗan fuloti a bayan gari, awon igiya. Dillalin ya ce in yi sauri akwai wani da ke zuwa da kuɗi da yamma. Na ba da kafin alƙalami a ranar, na cika sauran cikin mako, aka ba ni takardar ciniki da sa hannun shaidu biyu da shi ya kawo su. Bayan wata takwas na kai bulo, sai na tarar da wata tsohuwa zaune a kan dutse a tsakiyar filin, da 'ya'yanta maza biyu a tsaye. Ashe gonar gado ce da ba a raba ba, ɗaya daga cikin magada ne ya yanka ya sayar ba da sanin 'yan'uwansa ba. Na kira dillali, waya a kashe. Shekara biyu muna zarya kafin in karɓi wani abu daga cikin kuɗina, kuma abin da na karɓa ko rabin fuloti ba zai saya ba a lokacin. Ni na yi gaggawa, na ɗauki laifina. Amma tambaya ɗaya tak da dillalin nan zai yi wa mai unguwa ko maƙwabtan gonar da ta tsare mu duka.

Irin wannan ta fi yawa idan hannu ya bushe, domin matsi kan sa mutum ya sayar da abin da ba nasa shi kaɗai ba, ko ya sayar da fili ɗaya sau biyu. Saboda haka dillali ya san doka gwargwadon aikinsa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙewa haƙƙin zama ne da amfani, kuma takardar shaidar mallaka ta gidan zama yawanci ta shekara 99 ce. Sauya hannun filin da ke da irin wannan takarda yana buƙatar amincewar gwamna, kuma gwamnati na iya karɓe wuri don amfanin jama'a. Takardar mai unguwa ko ta dagaci shaida ce mai amfani daga wanda ya san tarihin wuri, amma ba ta maye gurbin binciken ofishin ƙasa. A Kano akwai KANGIS, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS, inda ake duba ko sunan da ke kan takarda shi ne a rajista, ko an jinginar da wurin a banki, ko yana cikin filin da aka ware don hanya ko makaranta ko maƙabarta. Mutanen Kano ba su manta da rushe-rushen watan Yunin 2023 ba, lokacin da gwamnatin jiha ta rushe gine-ginen da ta ce an yi su a filayen jama'a, ciki har da shagunan Filin Idi. Darasin dillali a nan shi ne ya binciki asalin wuri, me yake kafin a yanka shi, kada ya tsaya ga takardar da aka miƙo masa kawai. Ya guji ƙarƙashin babbar wayar wuta da bakin magudanar ruwa komai arahar wurin.

In gidan gado ne, a ga takardar rabo daga kotu, ko dukkan magada su hallara su sa hannu, mata da maza. A mazhabar Malikiyya akwai haƙƙin shufu'a: idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa na da damar ya biya kuɗin ya karɓe. Dillalin da bai san wannan ba zai iya jefa mai saye cikin shari'a. Kuma kada ka ji nauyin cewa a kira lauya ya rubuta yarjejeniya, a kira safiyo ya tabbatar da iyaka, ko a nemi ƙwararren mai kimanta kadara idan dukiyar babba ce. Kuɗinsu bai kai kuɗin zaryar kotu ba.

Bayan takarda sai aibin kaya. Na taɓa raka wani abokina ganin gida da rani. Mun shiga tsakar gida, sai muka ga sabon fenti daga ƙasa zuwa daidai ƙugu, sama kuwa tsoho. Dillalin da ya kai mu ya ciro mukulli ya ɗan kankare gefen bango, sai ga ƙasa mai danshi da farin gishiri-gishiri. Ya juya ya ce, "Malam, gidan nan ruwa na kwanciya a cikinsa da damina, ga iyakar inda yake kaiwa. In za ka saya, ka saya da saninka, a cire kuɗin cike da magudana." Abokina bai sayi wannan gida ba, amma a hannun mutumin nan ya sayi wani bayan wata biyu, kuma ya kai masa ƙannensa biyu. Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma mai saye na da damar mayar da shi in ya gano. Haka kuma sun hana najashi, wato a sa wani ya yi tayin ƙarya don a zuga mai saye ya ƙara kuɗi. Wannan magana ta "akwai wani Alhaji na zuwa da yamma" alhali babu kowa, ita da najashi uwarsu ɗaya.

La'ada ma a yanke ta tun farko, a faɗa wa mai saye da mai sayarwa, a rubuta. Abin da ke ɓata sunan sana'ar nan shi ne dillali bisa dillali, gida ɗaya ya bi ta hannu biyar, kowa ya ɗora nasa a ɓoye, har mai saye ya biya abin da mai gida bai taɓa jin labarinsa ba. A kasuwar da ta kwanta, wannan ɗori shi ke hana ciniki faɗawa. In za ku haɗa hannu, ku haɗa a fili: la'ada ɗaya, a raba ta yadda aka yi alkawari.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda aka kafa kasuwar Kurmi a mulkinsa, baƙon ɗan kasuwa a hannun fatoma da dillali yake sauka. A Sabo ta Ibadan da zangon Kumasi, Bahaushe kan kawo shanu daga arewa ya danƙa wa mai gidansa, a sayar wa mahauta bashi, mai gidan ya tsaya a kan cewa za a biya. Dukiya mai yawa ta yi ta yawo tsakanin mutanen da ba su san juna ba, ba abin da ya riƙe ta sai sunan mutum ɗaya da aka yarda da shi. Gadon da dillalin gida ya ci ke nan, kuma shi ne jarinsa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

MAI GABATARWA: Kafin lokaci ya cim mana, ga abin da dillali zai riƙa ci da shi kafin babban ciniki ya faɗo. Idan saye ya ragu, haya ƙaruwa take yi. Masu gidaje da yawa na zaune a Legas ko Abuja ko Saudiyya, suna neman amintaccen da zai zaɓa musu ɗan haya, ya karɓi kuɗi, ya gyara yoyo kafin damina, ya aiko da lissafi a rubuce. Abin da ake samu a nan bai kai la'adar sayarwa ba, amma duk shekara yana zuwa. Ka san hanyoyin da mai ƙaramin ƙarfi zai bi: fulotin da ake biya kaɗan-kaɗan da yarjejeniya a rubuce, Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992 wanda ma'aikata ke zuba kashi 2.5 na albashinsu a ciki, da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012. Kada ka raina mata. Da yawa da kuɗin adashi ko na gwal suke sayen fili, kuma dillaliyar da ke shiga gida-gida ta fi ka sanin wadda ke shirin saye.

Wayarka ma shago ce. In za ka ɗauki bidiyon gida ka tura ta WhatsApp ko Facebook, ka fara daga bakin titi, ka nuna lungun da kwatar da maƙwabta, ka nuna silin da banɗaki yadda suke. Wanda ya taso daga nesa ya tarar da abin da ya gani a waya, ya zama naka. Kuɗin ciniki kuma su bi ta banki, daga asusun mai saye zuwa na mai kaya kai tsaye. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗin da suka haura naira miliyan 5 ba ta banki ba, kamfani kuma miliyan 10, sannan masu harkar gidaje na cikin waɗanda ake buƙatar su yi rajista da sashen SCUML na hukumar EFCC. Ka yi wa sana'arka rajista a hukumar yi wa kamfanoni rajista, ka sami wurin da za a same ka gobe. Kuma ranar da babbar la'ada ta shigo, ka tuna watannin da allo ke cika ba mai taya, ka ware na ajiya kafin ka sauya babur.

Ɗan'uwa dillali, ga aikin da zan bar ka da shi a wannan mako. Ka sayi littafi, ka rubuta ciniki goma na ƙarshe da aka yi a unguwarka, da abin da aka biya na haƙiƙa. Ka ɗauki takardun gida ɗaya daga cikin waɗanda ke hannunka ka je ofishin ƙasa ka bincika. Sannan ka kira mutum biyar da ka taɓa sayar wa wuri, ka gaishe su, ka tambaye su ko sun sami wata matsala. In ka ji gabanka na faɗuwa kafin ka kira wani a cikinsu, to daga kansa gyaranka zai fara. Ku kuma masu saye da sayarwa, in kuka sami dillalin da ya faɗa muku abin da ba ku so ji ba, ku riƙe shi da kyau, ku biya shi la'adarsa cikakkiya ba tare da ja-in-ja ba.

Kasuwa za ta sake juyawa, kamar yadda ta saba. Ranar da ta buɗe, mutanen da suka daɗe suna tara kuɗinsu cikin wahala za su fito neman wanda za su danƙa wa, kuma za su tambayi maƙwabta wane ne bai ci amanar kowa ba lokacin da hannu ya bushe. Allah ya sa sunanka za a ambata. Allah ya ba mu halali mai albarka, ya rufa mana asiri, ya mallaka wa kowa matsugunin da zai kwana a ciki da kwanciyar hankali.



(Taken rufe shiri)